Inda Mai Ɗaukar Hoto Ya Tsaya

Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma galibi gaskiyarsu ce. In mutum biyu suka zo maka da labarin gobara, ɗaya ya ce gaya masa aka yi, ɗaya ya ce a gabansa aka yi, ba shakka wajen na biyun za ka juya. Amma tun zamanin da majigi ya fara shiga garuruwanmu, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, wani irin gani ya shigo wanda masu karin maganar nan ba su san shi ba. Mutum ya kan tashi daga kallo ya ce da idonsa ya gani, alhali kuwa da idon wani ya gani. Akwai wanda ya riga shi zuwa wurin da kyamara, ya zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi wanda zai matsa kusa da shi da wanda zai bari can nesa, ya zaɓi sa'ad da zai fara da sa'ad da zai daina. Abin da ya bari a bayan ƙeyarsa, kai mai kallo ba ka da labarinsa har abada.

To, ga tambayar da na ke so mu auna. In jama'a biyu suna zaman doya da manja, wani ya tashi zai shirya fim a kan zaman nan nasu, me adalci ya ɗora masa? Ya kafa kyamararsa a tsakiya, daidai wa daida, ba ta duban wannan fiye da wancan? Ko kuwa yana da ikon ya karkata ta, ya ɗaga ta, ya sauke ta, don ya sa zuciyarka ta ji abin da ya ke so ta ji? Magana irin wannan ba ta aunuwa a iska, saboda haka za mu ɗauki fim guda mu dube shi a tsanake.

A shekarar 1989 wani Baƙar fata ɗan Amurka, Spike Lee, ya fitar da fim mai suna Do the Right Thing, watau ka aikata abin da ya dace. Shi ya rubuta shi, shi ya shirya shi, ya kuma fito a cikinsa. Labarin duka na yini ɗaya ne da safiyar da ta biyo shi, a layi ɗaya na unguwar Bedford-Stuyvesant, cikin Buruklin ta birnin Niyok, ranar da zafi ya fi na kowace rana a shekarar. Mazauna layin yawancinsu Baƙar fata ne, da 'yan Fotoriko. Amma kantuna biyun da ke layin na baƙi ne: na kayan masarufi na wani mutumin Koriya ne da matarsa, ɗakin cin abinci kuwa na wani Farar fata ne jikan Italiyawa, wai shi Sal, da 'ya'yansa biyu, Pino da Vito. Shekara 25 ke nan yana sayar da fiza a nan, wani irin burodi ne mai faɗi da a ke gasawa da tumatir da cuku. Yaron da ke kai wa mutane abincin gida gida shi ne Mookie, wanda Lee ya fito a matsayinsa.

Abin da ya ta da rigimar bai taka kara ya karya ba. Sal ya lilliƙa hotunan mashahuran Italiyawan Amurka a bangon ɗakin, irin su Frank Sinatra da Al Pacino. Wani saurayi mai yawan tsiwa, a na ce da shi Buggin' Out, ya ɗaga kai ya tambaya don me babu Baƙar fata ko ɗaya a bangon, tun da kuɗin Baƙar fata ne ke riƙe da wurin. Sal ya amsa cewa bangonsa ne, wanda ya ke son nasa hotuna ya buɗe nasa kanti. In ka duba, kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Akwai kuma wani ƙato, Radio Raheem, wanda ba ya rabuwa da wata babbar rediyo, kullum tana kwarara waƙa guda ta mawaƙan Public Enemy. Sal ba ya son kiɗa a ɗakinsa. Da dare, an tashi rufewa, sai waɗannan biyu suka shigo tare, rediyo na ƙara iyakar ƙarfinta. Aka yi ta cacar baki, Sal ya saki irin zagin nan da a ke yi wa Baƙar fata, ya ɗauko kulkin buga ƙwallo ya ragargaza rediyon. Raheem ya janyo shi ya shaƙe, faɗa ya fito titi, 'yan sanda suka zo, ɗayansu ya sa kulki a maƙogwaron Raheem ta baya ya matse har rai ya yi halinsa. Suka jefa gawar a mota suka tafi. Mookie ya ɗauki garwar shara ya jefa ta cikin tagar gilashin maigidansa, jama'a suka afka, ɗakin ya ƙone ƙurmus.

Labarin ke nan. Yanzu sai mu koma ga yadda aka nuna shi, gama a nan ne maganarmu ta ke.

Wanda ya riƙe kyamara sunansa Ernest Dickerson, abokin karatun Lee ne. Abu na farko da suka nema shi ne mai kallo ya ji zafin ranar a jikinsa ko da yana zaune a inuwa. Suka kauce wa shuɗi da kore, suka cika hoton da ja da rawaya da ruwan goro. Aka shafe wani dogon bango da jan fenti jawur, a gabansa ne wasu dattawa uku ke zaman hira duk yini. Wani sa'in a kan kunna wuta a ƙarƙashin idon kyamara, don iska ta riƙa rawa a hoton kamar yadda ta ke yi a kan kwalta da tsakar rana a watan bazara. Duk wanda ya taɓa zama a motar haya cike da mutane a irin wannan lokaci ya san yadda ƙaramar magana ta kan zama faɗa. Kafin kowa ya zagi kowa a fim ɗin, an riga an gajeta maka haƙuri.

Abu na biyu shi ne karkatar da kyamara. Da safe, mutane na gaisawa, hoton a miƙe ya ke, bango a tsaye, ƙasa a shimfiɗe. Amma duk sa'ad da rai ya fara ɓaci sai ka ga duniya ta jirkice, bakin ƙofa ya kwanta gefe guda kamar jirgin ruwan da igiya ta ɗaga. Inda wannan ya fi fitowa shi ne wajen Raheem da Sal. In za a nuna Raheem, sai a sauke kyamara ƙasa, a kusanto shi ƙwarai, a sa gilashi mai faɗin gani wanda ke kumbura abin da ke kusa, har fuskarsa ta cika hoton, kafaɗunsa su rufe rufin ɗaki. In za a nuna Sal, sai a ɗaga ta sama tana dubansa ƙasa, a karkace ta ɗaya hannun. Kai mai kallo ba ka tsaya a gefe ba ko kaɗan: da ƙiftawar ido kana wurin Sal, ƙato yana kanka, da ƙiftawar ido kana wurin Raheem, wani tsoho yana yi maka tsawa.

Abu na uku ya fi duka tsauri. A tsakiyar fim sai labari ya tsaya cik. Mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dubi kyamara ido cikin ido, ita kuwa ta taho masa a guje, ya zazzage zagin da ke cikinsa. Mookie ya zagi Italiyawa, Pino ya zagi Baƙar fata, ɗan Fotoriko ya zagi mutanen Koriya, ɗan sanda Farar fata ya zagi 'yan Fotoriko, mutumin Koriya ya zagi Yahudawa, har sai da mai gabatar da shirin rediyon unguwa ya daka musu tsawa su yi shiru. A al'adar fim ɗan wasa ba ya duban kyamara, don a bar mai kallo ya zama kamar mai leƙe ta kafar zana, yana gani ba a ganinsa. Lee ya yaye zanar. Kowane zagi a fuskarka ya ke sauka, kuma ba a bar wata ƙabila ta fita da hannu mai tsabta ba, har da tasa.

To, a nan mai hankali zai iya tsayar da ni ya ce, wannan ai ba adalci ba ne, dabo ne. Mun san ladabin shari'a: alƙali ya kan zaunar da masu ƙara wuri ɗaya, ba ya sakar wa ɗaya fuska ya ɗaure wa ɗaya, ba ya kuma yanke hukunci yana cikin fushi. Wannan mutum kuwa ya hura mana zafi da gangan, ya karkata ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu, sa'an nan ya ce mu yi hukunci. Ba zan raina wannan magana ba, domin tarihin fim ya ba ta hujja. A 1915 wani Ba'amurke, D. W. Griffith, ya fitar da The Birth of a Nation, fim ɗin da masana ke lissafawa cikin waɗanda suka koya wa duniya dabarar yanka hoto da haɗa shi. A ƙarshensa a kan nuna Fararen fata an kewaye su a wata bukka, a yanke a nuna mahayan ƙungiyar Ku Klux Klan cikin fararen kaya suna sukuwa, a komo bukka, a koma dawaki, kowane yanki ya fi na baya gajarta, har zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa tare da kofato tana fatan su iso. Waɗanda a ke fatan isowarsu kuwa, a zahiri, masu kashe Baƙar fata ne da dare. Manyan 'yan wasan da suka fito a matsayin Baƙar fata ma Turawa ne aka shafa wa baƙi. A shekarar nan ce aka sake kafa ƙungiyar bayan ta daɗe da mutuwa, ta kuwa riƙa jan mutane da fim ɗin. Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1935 aka yi Sanders of the River a Ingila, labarin da aka ce a Nijeriya ya faru, inda mawaƙin nan Baƙar fata Paul Robeson ya fito a matsayin sarki mai biyayya ga Baturen mulki. Da ya ga yadda aka haɗa hotunan a ƙarshe, aka mai da shi kirarin mulkin mallaka, sai ya fito fili ya barranta da shi. Ashe har wanda ke gaban kyamara ba lalle ne ya san abin da a ke sa shi faɗi ba.

Duk da haka ina ganin kuskuren mai wannan suka guda ne: ya ɗauki kyamara alƙali ce, alhali shaida ce. Alƙali yana da shimfiɗa a tsakiya. Shaida ba shi da ita, domin dole a wani wuri ya ke tsaye sa'ad da abin ya faru, ko a bakin ƙofa ko a kan katanga. Hoton da ya zo a miƙe, daga nesa, cikin natsuwa, shi ma wani ne ya zaɓi nisan, kuma nisa ya kan mai da kisan kai ya zama hayaniya kawai. Abin da a ke nema ga shaida shi ne ya faɗi inda ya tsaya, kada kuma ya ɓoye abin da ya gani don ya saɓa wa wanda ya ke so. Da wannan mudu ya kamata a auna Griffith da Lee. Griffith ya ɓoye hannunsa, ya kawo ƙarya da sunan tarihi, bai taɓa barin ka tsaya a wurin wanda a ke farauta ba. Lee kuwa karkatar tasa a fili ta ke, yaro ma ya ga an jirkita hoton, ya san akwai mai jirkitawa.

Game da sharaɗi na biyu, dubi abin da ya yi wa Sal. Da ya so, da ya mai da shi dodo. Amma wuri mafi natsuwa a fim ɗin nasa ne. Yana zaune da Pino a bakin taga, ɗan yana roƙonsa su sayar da wurin su koma unguwar danginsu, uban yana gaya masa cewa yaran layin nan da abincinsa suka girma, yana kuwa alfahari da haka. Ba a yanka hoton ba, ba a karkata shi ba, kyamara tana matsowa sannu sannu kamar mai gudun katse hira. Ka fito daga nan kana ƙaunar mutumin, saboda haka sa'ad da zagin nan ya fito daga bakinsa da dare sai ya yi maka ciwo biyu. Raheem kuma ba a wanke shi ba. Ya yi wa mai kanti ɗan Koriya da matarsa wulaƙanci wajen sayen batir, ba ya rage ƙarar rediyonsa don kowa, kuma da gaske ya shaƙe Sal. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, fim ɗin bai ɓoye ko ɗaya ba.

A ganina ma, kumbura Raheem da aka yi tarko ne aka ɗana wa mai kallo, kuma tarko na halal. An sa ka ji tsoronsa yadda Sal ke ji, yadda ɗan sanda zai ji. Sa'an nan da kulki ya hau wuyansa, ɗan'uwan aikin mai kulkin yana ce masa ya isa haka, sai kyamara ta sauka ta nuna ƙafafunsa sun bar ƙasa, suna shure-shure a iska, har suka daina. Ƙaton nan da ya cika hoto ɗazu ya koma takalma biyu. Nan take tambaya ta komo kanka: tsoron da ka ji, da haushin ƙarar rediyo, sun kai a biya su da rai? Wanda aka nuna wa Raheem salihi tun farko ba zai taɓa fuskantar wannan tambaya ba, zai yi kuka ne kawai ya tafi gida yana ganin kansa mutumin kirki.

Ba ƙagen banza Lee ya yi ba. A 1983 wani saurayi Baƙar fata, Michael Stewart, ya mutu bayan kwana 13 a sume, daga kamun da 'yan sandan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Niyok suka yi masa saboda rubutu a bango, aka kuma sallami waɗanda aka tuhuma. A Disamba 1986 samari Fararen fata suka fatattaki Michael Griffith daga wajen wani ɗakin fiza a Howard Beach har ya faɗa babban titi mota ta kashe shi. Sunayensu na cikin waɗanda aka sadaukar da fim ɗin ga iyalansu.

Da fim ya fito, wasu marubutan jaridu na Niyok suka yi gargaɗi cewa zai sa Baƙar fata su ta da tarzoma. Ba a yi ba. Abin da aka yi, ƙasa da wata biyu bayan fitowarsa, shi ne an harbe wani yaro Baƙar fata ɗan shekara 16, Yusuf Hawkins, a unguwar Bensonhurst ta Buruklin, ya je duba tsohuwar mota da a ke sayarwa. Lee ya sha faɗin cewa masu tambayarsa ko Mookie ya kyauta da ya fasa taga Fararen fata ne, Baƙar fata ba su tambayarsa haka, kuma ya lura wasu masu sharhi sun yi jimamin kanti fiye da jimamin rai. Wannan abin a tsaya a kansa ne. Hoto ɗaya aka haska wa kowa, mutuwa da gobara a jere, tsakaninsu 'yan mintoci, amma wani ya fita da taga a ransa, wani ya fita da takalma. Ashe mai kallo ma yana da tasa kyamarar a ƙirji, da inda ya saba kafa ta.

Kada a ce na wanke Lee sarai. An zarge shi da cewa bai nuna miyagun ƙwayoyi ba, alhali a shekarun nan sun addabi unguwanni irin wannan, shi kuwa ya amsa cewa ba a kansu ya yi fim ba. Amsar tana da ƙarfi, gama ba a tambayar mai fim a kan attajirai irin wannan tambaya, amma zargin ma bai faɗi ƙasa ba: abin da aka bari a wajen hoto zaɓi ne. Haka kuma 'yan sanda ba su sami irin zaman tagar da Sal ya samu ba. Galibi ta gilashin mota mu ke ganinsu, suna wucewa a hankali suna harara a na hararsu. Shaida ne mai gaskiya, amma daga kan dakalin unguwa ya ke ba da shaidarsa. A ƙarshe ma bai yanke hukunci ba. Ya rubuta maganganu biyu a allo, ta Martin Luther King mai hana ramuwa da ƙarfi, da ta Malcolm X mai halatta kare kai, ya nuna hoton nan da aka ɗauke su tare a 1964 suna murmushi, ya bar su haka.

Saura mai cewa, to, a kawo hoton da ba dabara a cikinsa, a ga in gardama ba ta ƙare ba. An kawo. A Maris 1991 wani mutum ya leƙo daga benensa a Los Anjalas ya ɗauki 'yan sanda suna dukan Rodney King da kulake yana ƙasa. Ba jan fenti, ba karkatarwa. A kotu lauyoyin 'yan sandan suka rage gudun hoton, suka tsattsayar da shi ɗaya ɗaya, suna nuna kowane motsin King a matsayin yunƙurin tashi, har aka sallami mutanensu a Afrilu 1992, garin ya kama da wuta, fiye da mutum 50 suka mutu. Sai a shari'a ta biyu, a 1993, aka sami biyu daga cikin huɗun da laifi. A Yuli 2014 aka ɗauki shaƙe Eric Garner da wayar hannu a Niyok, duniya ta gani, ba a gurfanar da ɗan sandan ba, sai korarsa da aka yi daga aiki a 2019. A ran 25 ga Mayu 2020 wata yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya a bakin titi a Miniyafolis ta riƙe wayarta ba ta sauke ba, ɗan sanda na danne da wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9. Sanarwar farko ta 'yan sanda cewa ta yi rashin lafiya ce ta same shi. Wannan karon hoton ya rinjayi sanarwa, aka ɗaure mutumin shekara 22 da rabi a 2021. Yarinyar ba ta karanta ilmin fim ba, amma ita ma ta zaɓi wurin tsayawa, kusa, daidai fuskar wanda ke ƙasa, ta kuma zaɓi kada ta daina.

Cikin makon da Floyd ya mutu Spike Lee ya fitar da wani ɗan gajeren fim wanda bai kai minti biyu ba. Ya yanka mutuwar Radio Raheem, da ta Garner, da ta Floyd, ya saƙa su cikin juna, wannan na bin wannan. Na farkon ɗan wasa ne mai suna Bill Nunn, an ɗauke shi a 1988 da fitilu da ma'aikata kewaye da shi, ya kuma tashi ya kaɗe rigarsa da aka gama. Sauran biyun masu wucewa ne suka ɗauke su da wayar aljihu.